Basalona ko Barzahu: Yadda Kwale-kwalen Su Ya Koma na Hijira

 

Ya 'yan'uwana matasa, a shekarar 2006 wata magana ta yaɗu a bakin samarin Senegal da harshen Wolof: Barsa wala Barsak. Ma'anarta ita ce, ko dai in isa Basalona, ko kuwa in isa Barzahu. Masu faɗin wannan magana Musulmi ne 'yan Malikiyya irinmu, da yawansu almajiran zawiyoyin Tuba da Tiwawan da Kaulaha, saboda haka sun san nauyin kalmar barzahu sarai kafin su furta ta. A wannan shekara kaɗai, mutum fiye da 31,000 suka sauka a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, galibinsu cikin kwale-kwalen katako, bayan wasunsu sun ratsa kusan kilomita 1,500 na Tekun Atlantika. Waɗanda ruwa ya ci a hanya kuwa, babu mai cikakken lissafinsu sai Allah.

Duk lokacin da irin wannan labari ya zo, hukuncin da na fi ji a bakin mutane guda biyu ne: kwaɗayin yaro, da muguntar mai safara. Ban musanta ko ɗaya ba. Sai dai ina so mai karatu ya dubi kwale-kwalen shi kansa. Ba don jigilar mutane aka sassaƙa shi ba. Na su ne, kuma matuƙinsa masunci ne ɗan masunci. Me ya raba shi da kifi?

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta. Misalin da suka saba kawowa shi ne mutumin da ya haƙa rijiya a tsakiyar hanyar jama'a ya tafi abinsa, wani ya zo ya faɗa. Bai tura kowa ba, watakila ma yana barci sa'ad da abin ya faru, amma lamuni bai sauka daga wuyansa ba. Da wannan ma'auni nake karanta tarihin da ke tafe.

Gaɓar tekun da ta taso daga Muritaniya zuwa Senegal da Gambiya na cikin wuraren da Allah Ya fi albarkata da kifi a duniya, domin iska na taso da ruwa mai sanyi daga ƙasan teku ɗauke da abincin ƙananan kifaye. Mafi muhimmanci cikinsu shi ne wanda Wolof ke kira yaboy, kifin talaka, wanda mata ke bandawa da busarwa a kai shi har cikin Mali da Burkina Faso. A 1979 Senegal ta sa hannu kan yarjejeniyar kamun kifi da ƙungiyar ƙasashen Turai, aka buɗe wa jiragensu ruwanta a kan kuɗi. A 1982 Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar wa kowace ƙasa iko da arzikin ruwanta har mil 200, ta kuma ce ƙasar ta bar wa wasu rarar da ba ta iya kamawa. Kalmar rara ɗin nan ita ce ƙofar da komai ya bi ya shiga, domin wa zai auna rarar, alhali mai sayarwa na bukatar kuɗi, mai saye kuma na bukatar kifi? Jiragen Turai suka zo, na Rasha suka zo, daga baya na Sin da na Turkiyya, wasunsu masu jan taru a ƙasan teku suna kwashe babba da ƙarami. A 2012 sabuwar gwamnatin Macky Sall ta soke lasisin manyan jirage 29 na ƙasashen waje, wanda gwamnatin da ta gabace ta ta bayar.

Adalci ya sa in faɗi abin da Turawa ke kare kansu da shi: yarjejeniyarsu ta 2014 ta shafi kifin tuna ne da wani kifi na ruwa mai zurfi, ba yaboy ba, kuma ta ƙare a Nuwamban 2024 ba a sabunta ta ba. Haka nan masuntan gida su ma sun ninka kwale-kwale da injuna da taru fiye da abin da ruwan zai ɗauka. Amma da gwamnatin Senegal ta fitar da jerin jiragen da ke da lasisi a 2024, sai aka ga 19 ne kawai na ƙasashen waje, 132 kuma tutar Senegal suke ɗauke da ita, alhali masunta sun daɗe suna kukan cewa da yawansu tutar ce kaɗai ta gida, mai jirgin baƙo ne. Wanda ya ba da tutar kuwa ɗan ƙasa ne, mai salla da azumi.

Sannan ga masana'antun garin kifi da suka cika Nuwadibu a Muritaniya, suka kuma ɓulla a Gunjur da Sanyang da Kartong na Gambiya. Ana niƙa kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari, a kai shi Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Wani rahoto da Greenpeace ta fitar tare da wata ƙungiya a 2021 ya ƙiyasta abin da ake kwashewa ta wannan hanya da fiye da tan rabin miliyan a shekara, abincin da zai ishi mutum miliyan 33. Subhanallah! An ɗauke loma daga bakin ɗan Adam an ba kifi.

Birnin Ndar, wanda Faransawa suka kafa a 1659 suka kira Saint-Louis, shi ne ya fi tsaya mini a rai. Unguwar masuntansa, Guet Ndar, na zaune ne a kan wani siririn zirin rairayi tsakanin Kogin Senegal da teku. A Oktoban 2003, da ambaliya ta yi barazanar cinye birnin, gwamnatin Abdoulaye Wade ta sa aka yanka zirin da wata magudana mai faɗin mita huɗu domin kogin ya sami mafita. Birnin ya tsira a wannan daminar. Amma teku ta kama bakin magudanar ta yi ta ci, har mita huɗu ta zama kilomitoci. Ƙauyen Doun Baba Dieye ya nutse, ruwan gishiri ya kashe gonaki, ɗaruruwan masunta suka halaka wajen ratsa wannan mashiga. Igiyar ruwa kuma ta rushe gidajen bakin gaɓa a 2017 da 2018, aka kwashe iyalai zuwa matsugunai nesa da tekun da suke ci daga gare ta. Ɗumamar yanayi na da nata kason a hauhawar ruwan, kuma ba hayaƙin Guet Ndar ne ya jawo ta ba, sai dai wannan yankan hannun hukuma ne ya yi shi.

Hanyar Kanari ita ma tana da tarihinta. A 2005 aka harbe 'yan ci-rani a shingayen Ceuta da Melilla, aka tsaurara tsaro a arewacin Maroko, sai matafiya suka gangaro kudu, inda suka tarar da masunta masu kwale-kwale, masu sanin teku, marasa kifi. Turai ta amsa da jiragen sintiri na hukumar Frontex. Hanyar ta lafa na wasu shekaru, sannan ta sake buɗewa a 2020, har a 2024 mutum fiye da 46,000 suka isa, adadin da ya zarce na 2006. Ita dai Dokar Tekun da ta halatta cinikin rara, ita ce kuma ta wajabta ceton duk wanda ke cikin haɗari a ruwa. Na lura ba a kiyaye sassan biyu da himma iri ɗaya.

A ranar 10 ga Yulin 2023 wani kwale-kwale ya bar ƙauyen masunta na Fass Boye da mutum 101. Sai bayan fiye da wata guda wani jirgin su na Sifaniya ya tsince shi kusa da tsibiran Cape Verde, saura mutum 38 da rai. Waɗannan an san makomarsu. Akwai wanda igiya ta kai har Tobago a 2021, da wanda aka tsinta a gaɓar Barazil a 2024, babu mai rai a ciki. Akwai kuma waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A mazhabarmu, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. A unguwannin Ndar da Mbur da Fass Boye akwai matan da ke cikin wannan lissafi yanzu haka, ba gawa, ba kabari, ba ranar da za a ce ita ce ta sadakar uku.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyalansu haƙuri.