Tarihin Gigin Tsufa da Yadda Aka Gano Hanyoyin Rigakafinsa

Gabatarwa

Tun zamanin da, mutane sun ɗauka cewa rikicewar hankali wani sashe ne na tsufa, kamar furfura da zubewar haƙora. In dattijo ya fara mance sunayen 'ya'yansa, ko ya ɓata a hanyar da ya shekara hamsin yana bi, sai Bahaushe ya ce gigin tsufa ne, a yi haƙuri da shi. Likitocin Turai ma haka suka ɗauka har ƙarni na 20 ya yi nisa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda wannan ra'ayi ya sauya, sa'an nan a duba abin da sauyin ya ɗora wa masu aikin wayar da kan dattawa.

Daga Frankfurt Zuwa Newcastle

A watan Nuwamba na 1901 aka kawo wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a ƙasar Jamus. Tana fama da mantuwa da ruɗewa, har rubuta sunanta yakan gagare ta. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906, sai ya binciki ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu. A 1910 maigidansa, Emil Kraepelin, ya raɗa wa ciwon sunan Alzheimer.

Amma da yake matar ba ta tsufa ƙwarai ba, sai aka ɗauki ciwon a matsayin abin da ba safai ake gani ba, aka ci gaba da jingina ruɗewar tsofaffi ga yawan shekaru. Sai a 1968 wasu likitoci uku a Newcastle ta Ingila, watau Blessed da Tomlinson da Roth, suka nuna cewa irin waɗannan dunƙule-dunƙule ne ake samu a ƙwaƙwalwar tsofaffi masu gigi, kuma yawansu yana tafiya da tsananin ciwon. A 1976 Robert Katzman na Amurka ya bayyana cewa ciwo ɗaya ne, kuma yana cikin manyan cututtukan da ke halaka jama'a. Daga nan gigin tsufa ya tashi daga rabon kowane tsoho, ya koma cutar da ake tambayar musabbabinta.

Darasin Matan Zuhudu da na Ibadan

A 1986 David Snowdon ya fara wani bincike a Amurka wanda ya haɗa mata 678 masu zaman zuhudu na ɗarikar Katolika, waɗanda suka yarda a binciki ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwarsu. An sami wasu da ƙwaƙwalwarsu ke cike da alamun ciwon, alhali sun rasu da hankalinsu garau. An kuma lura cewa waɗanda ƙananan jijiyoyin jini suka toshe musu a ka sun fi nuna ruɗewa. Ashe ilmi da lafiyar jijiyoyin jini suna da ta cewa a kan ko ɓarnar za ta bayyana.

Nijeriya ma ta ba da gudummawarta. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka jagoranci kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka na birnin Indianapolis, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke kamuwa da gigi, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Masu binciken sun ja hankali ga ƙarancin hawan jini da ciwon sukari da kitsen jini a tsakanin mutanen Ibadan na wancan lokaci. Wannan gargaɗi ne ga biranenmu, inda zaman ofis da shiga mota da cin maiƙo suka yawaita.

Gwajin Finland

Duk waɗannan bincike-bincike kallo ne da lissafi. Gwaji na sosai ya zo daga ƙasar Finland, ƙarƙashin Miia Kivipelto, aka buga shi a 2015. An ɗauki mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, aka raba su gida biyu. Kashi na farko aka ba su shawarar kiwon lafiya irin wadda aka saba. Kashi na biyu kuwa aka riƙa tara su rukuni-rukuni, ana motsa jiki tare, ana gyara musu tsarin abinci, ana ba su aikin wasa ƙwaƙwalwa, ana kuma auna jininsu a kai a kai. Bayan shekara biyu, kashi na biyu suka fi na farko a jarrabawar kaifin tunani.

Abin lura a nan shi ne dukkansu sun ji nasiha. Bambancin ya zo ne daga yin aikin tare da jama'a da kuma samun mai bibiya.

A 2017 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet, ƙarƙashin Gill Livingston, ya lissafa abubuwa 9 da za a iya gyarawa. A 2024 lissafin ya kai 14: ƙarancin ilmi, raunin ji, raunin gani, hawan jini, ciwon sukari, kitsen jini, ƙiba, shan taba, yawan shan giya, rashin motsa jiki, buguwar kai, ciwon damuwa, kaɗaici da gurɓatacciyar iska. Kwamitin ya ƙiyasta cewa kawar da su zai iya hana ko jinkirta kimanin kashi 45 cikin 100 na ciwon.

Kammalawa

Rigakafi yana rage haɗari ne, bai zama lamuni ga kowa ba, don haka ba daidai ba ne a zargi wanda ciwon ya kama. Duk da haka, tarihin nan ya nuna hanya. Bai isa a tara dattawa a karanta musu jerin hani ba. A sami mai auna musu jini a asibitin unguwa, a cire musu yanar ido, a duba kunnuwansu, a ja su zuwa majalisa da makarantar dare da gona, kada a killace su a ɗaki da sunan girmamawa.

Ma'aikaci kuwa ya sani cewa hawan jinin da ya yi wa sakaci yana ɗan shekara 45 yana iya tarar da shi a 75, kuma ranar da ya yi ritaya zai rabu da abokan aiki da hidimar da ke wasa masa hankali, sai ya tanadi madadinsu tun da wuri. Ɗalibi shi ma ya sani cewa karatun da yake yi yau guzuri ne na tsufansa, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.