Wasiƙa Daga Ƙauye: Safi Faye da Tarihin Fim Ɗin Dangi a Afirka



Maganar da zan yi yau ta shafi wata mace 'yar ƙasar Senegal, mai suna Safi Faye, wadda ta ɗauki na'urar ɗaukar fim ta koma ƙauyen iyayenta, ta ɗauki danginta suna noma, suna hira, suna kukan halin da suke ciki. Abin da ya fito daga wannan aiki ya zama ɗaya daga cikin manyan shaidun tarihin talakan Afirka ta Yamma a shekarun fari. Tambayar da nake so mu duba ita ce: yaya aka yi labarin gida guda ya kai ga tsorata gwamnati?

Kafin mu kai ga amsa, ya kamata mu tuna da yadda fim ya shigo mana. A zamanin mulkin mallaka, Bature ne ke riƙe da na'ura, baƙar fata kuwa abin kallo ne. A ƙasashen da Ingila ta mallaka, an kafa sashen shirya finafinai na mulkin mallaka a 1939, wanda ya riƙa shirya finafinan da ake yawo da su gari gari. Shi ne majigin da dattawanmu suka sani, mai koya wa mutane tsabta da biyan haraji da sabon salon noma. A ɓangaren Faransa kuwa, wata doka ta 1934, wadda ake kira dokar Laval, ta hana kowa ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka sai da iznin hukuma. Wannan ne ya sa ɗaliban Afirka da suka shirya Afrique sur Seine a 1955, a ƙarƙashin jagorancin Paulin Vieyra, suka ɗauke shi a Paris, ba a gida ba. Sai bayan samun mulkin kai ne Usman Sembene ya yi Borom Sarret a 1963, kuma a Nijar Umaru Ganda ya ba da labarin zamansa na soja a yaƙin Indocin cikin Cabascabo.

An haifi Safi Faye a Dakar a 1943, amma asalinta Basarariya ce daga ƙauyen Fad'jal, kudu da birnin. Malamar makaranta ce tun farko. A 1966, lokacin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar, ta haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana ɗaukar finafinai a Nijar. Ta fito a fim ɗinsa Petit à petit tare da Damure Zika da Lam Ibrahim Diya, waɗanda dukansu 'yan Nijar ne. Daga nan ta tafi Paris ta karanta ilmin al'adun al'umma, ta kuma koyi sana'ar fim. A 1972 ta shirya ɗan gajeren fim ɗinta na farko, La Passante.

Ilmin da ta karanta an gina shi ne a kan baƙo ya je ya binciki waɗansu mutane, ya koma ya ba da rahoto. Ita kuwa mutanen da za ta bincika su ne kakanninta da kawunnanta. Ta je ne da niyyar tambayar al'adu da addinin gargajiya, amma sai ta ga hirar mutanen kullum tana karkata zuwa abu ɗaya, watau gyaɗa da bashi da rashin ruwan sama.

Dalilin haka a fili yake. Tun ƙarni na goma sha tara Faransa ta mai da Senegal gonar gyaɗa, har manomi ya rage gero don ya shuka abin da zai sayar ya biya haraji. Wajejen 1967 Faransa ta janye farashin gata da take sayen gyaɗar da shi. Hukumar ONCAD, wadda aka kafa a 1966, ita ce ke sayen amfanin, ita ce kuma ke ba da iri da taki bashi. Ana cikin haka fari ya sauko wa yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974. Mutanen Kano, waɗanda suka ga dalar gyaɗa da hukumar sayen amfanin gona, suka kuma ga farin 1973, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

A cikin wannan hali ne ta ɗauki Kaddu Beykat, ma'ana muryar manomi, wanda ya fito a 1975. Ta yi aikin ne da damina, cikin mako uku, da mataimaka uku kacal, a hoto baƙi da fari. Ba ta ɗauko gwanayen wasa daga birni ba. Mutanen ƙauyen ne suka fito a matsayin kansu. Ta tsara fim ɗin tamkar wasiƙa, muryarta na gabatar wa mai kallo ƙauyenta da danginta. Domin ta ɗaure zancen, sai ta saƙa ɗan labari a ciki: wani saurayi, Ngor, yana son wata yarinya, Kumba, amma fari ya hana shi tara kuɗin aure, sai ya tafi ci-rani Dakar, inda ya sha wulaƙanci. Sauran fim ɗin kuwa aikin gona ne, da aikin mata a gida, da zaman dattawa a gindin bishiya suna tattauna farashin gyaɗa.

A nan ne ƙarfin aikin yake, a nan ne kuma haɗarinsa. Da baƙo ne ya zo, da dattawan sun gaishe shi sun yi shiru, domin kowa ya san ba a buɗe cikin gida ga wanda ba a san inda zai kai magana ba. Amma 'yarsu ce ke tambaya, saboda haka suka faɗi abin da ke zukatansu. Wannan amana nauyi ce a kanta, domin ita tana iya komawa Paris, su kuwa suna nan tare da jami'an da suka soka. Hukumomin Senegal, a zamanin Shugaba Senghor, wanda shi ma Basarare ne, suka hana nuna fim ɗin a cikin ƙasar. A waje kuwa ya sami lambar yabo ta Georges Sadoul a Faransa, da lambar masu sharhin finafinai ta duniya a bikin Berlin na 1976. Shi ne kuma dogon fim na farko na wata mace daga Afirka kudu da Sahara da aka kai kasuwa. Ku lura da wannan abin takaici: mutanen Turai sun ji muryar manomin Fad'jal, maƙwabtansa ba su ji ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafi gidan kansa. Kakanta, wanda ya fito a fim ɗin, ya rasu kwana goma sha ɗaya bayan an gama ɗauka, kuma shi ta sadaukar wa aikin. Da ta yi jinkiri zuwa wata damina, da muryarsa ta tafi tare da shi. Wannan darasi ne ya bayyana a fim ɗinta na gaba, Fad'jal, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1979. A cikinsa wani dattijo yana ba yara tarihin kafuwar ƙauyen, abin da makarantar boko ba ta koya musu, har zancen ya iso ga dokar 1964 da ta mai da yawancin filaye mallakar ƙasa. Ta ci gaba da aiki har ta yi Mossane a 1996. Ta rasu a Paris a 2023.

Me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Na farko, babu katanga tsakanin labarin dangi da tarihin ƙasa. Sadakin da Ngor ya kasa biya, a ofishin ƙayyade farashi aka fara yanke hukuncinsa. Ma'aikacin da ke rubuta takardar umarni ya kamata ya san cewa takardar tana shiga har cikin rumbu. Na biyu, rahotannin gwamnati suna ajiye yawan buhunan da aka saya, amma ba sa ajiye abin da manomi ya ce game da su. Mai binciken tarihi yana bukatar duka biyun.

Na uku ya shafi ɗalibanmu. Safi Faye ta yi aikinta a lokacin da sai an kai fim Turai kafin a wanke shi a ga abin da aka ɗauka. Yau wayar da ke aljihun kowannenku ta isa. Har yanzu akwai tsofaffi a gidajenmu da suka ga dalar gyaɗa, suka ci wuyar farin 1973, suka kuma ji labarin zuwan Turawa daga bakin iyayensu. Ku nemi izninsu, ku gaya musu inda maganar za ta je, sa'an nan ku ɗauka tun suna da rai.