3.2 Shigowar Galura da Tasirinta a kan Sana'ar Rini

Kafin zuwan Turawa, marinan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar takwarorinsu na sauran ƙasar Hausa, da baba suke rini. Akan zuba shi a karofi tare da toka da katsi, a yi ta motsawa kwana da kwanaki har ya nuna. A shekarar 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadarai a masana'anta. A 1929 kuma layin dogo ya iso Ƙaura, wanda ya sauƙaƙa shigowar galura. Ita kuwa ba ta buƙatar rami ko dogon jira, ko a tukunya ana rini da ita. Manomin baba ne ya fi jin jiki, domin marini ya sauya kayan aiki, shi kuwa ya rasa mai saye.