Peugeot 504: Injin Tsere da Injin Haya

Duk wanda ya taɓa tafiya Kano zuwa Kaduna a tasi ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, a 1975. A wannan shekara ce kuma Ove Andersson ya ci tseren Safari na ƙasar Kenya da ita, Hannu Mikkola kuma ya ci na Maroko. Tun daga nan mutanenmu suka ɗauka cewa motar da ta ci Safari da wadda ke lodi a tasha abu ɗaya ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da na ga kawuna, wanda bakanike ne, ya warware wani tsohon injin 504 da aka taɓa shiryawa domin tsere.

Daga waje ba su da bambanci: silinda huɗu, wajen lita 2. Cikin ne abin kallo. Fistan na motar haya zubi ne, watau an narka ƙarfe an zuba a mazubi, ga araha ga daɗewa. Na tsere kuwa ƙira ne, an matse shi da ƙarfi don ya jure zafi, amma yana buƙatar sarari a cikin silinda, shi ya sa yake ƙwanƙwasawa kafin injin ya ɗumama. Kamshaf ɗinsa yana barin bawul a buɗe fiye da na gida. A guje injin sai ya sha iska ya ƙoshi, a silo kuwa sai ya riƙa kakkarwa kamar zai mutu. Direban haya ba zai yi kwana biyu da irinsa ba.

Matsalar ita ce fistan biyu sun tsage, kuma irinsu ba sa nan a kasuwa. Na gida kuwa ga su nan birjik, da an sa su injin zai tashi a ranar. Abokan aikin kawu suka ce ya sa, mota ai tafiya ake so ta yi. Ni ban yarda ba. A sashenmu an koya mana cewa wanda ya cike giɓin tsohon rubutun ajami da kalmominsa ya ɓata shaida, ko da karatun ya yi daɗi. Kawu bai kula da hujjata ba. Shi dai ya ce nauyin fistan ɗin bai zo ɗaya ba, karanshaf zai wahala.

Wata bakwai ke nan injin yana kan benci, an lulluɓe shi da buhu, ana cigiyar fistan.