Me Ya Sa Arzikin Nijeriya Ya Taru a Ikko?

A wannan mako za mu amsa takardar wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar albasa, wanda ke kai kaya kasuwar Mile 12. Ya ce yana son tarihin yadda aka yi manyan kamfanoni da attajirai suka taru a Ikko, alhali garin ba ya noma abin da yake ci. To malam, mun gode da takardarka, sai ka gyara zama.

Da farko dai Ikko, wadda Yarbawa ke kira Eko, ɗan tsibiri ne na masunta. Turawan Fotugal ne suka raɗa mata suna Lagos. Ta fara bunƙasa ne da cinikin bayi. A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gado. A 1861 kuma Sarki Dosunmu ya sa hannu, garin ya koma hannun Ingila. Daga nan ciniki ya juya zuwa manja da ƙwarar kwakwar manja, waɗanda Turawa ke yin sabulu da su.

Attajiran wancan zamani dillalai ne, su sayo daga cikin ƙasa su sayar wa Bature, su karɓi atamfa da gishiri su shigar ciki. Cikinsu akwai Madam Tinubu, wadda har yau akwai dandali mai sunanta a tsakiyar gari, da Muhammadu Shitta Bey, wanda ya gina masallaci da kuɗinsa, aka buɗe shi a 1894. A wannan shekara ce kuma aka kafa bankin da a yau ake kira First Bank.

Amma fa malam, abu biyu ne suka ɗaga Ikko sama da sauran garuruwan gaɓa: dogo da tashar jiragen ruwa. A da yashi ya toshe bakin mashigin, manyan jirage sai su tsaya can cikin teku, ƙanana su riƙa jigilar kaya. Sai aka jera duwatsu, aka yashe mashigin, a 1914 manyan jirage suka fara shiga. A 1926 aka gama matsayar jirage ta Apapa. Shi kuwa dogo, ya isa Ibadan a 1901, a 1912 aka buɗe shi har Kano.

A nan ne kakanninmu suka shigo labarin. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa daga Arewa, amma manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Gyaɗa, da fatu da ƙiraga, da shanu, duk suka bi dogo suka gangara Ikko. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara ne da fataucin goro, yana ɗauko shi daga ƙasar da a yau ake kira Gana ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa. Hausawan da suka zauna a Agege su ma goro ne ya kai da yawansu. Sai dai mafi tsokar ribar tana hannun kamfanonin Turawa, irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929, domin su ke da jiragen, su ke yanka farashi.

Bayan samun mulkin kai a 1960, masana'antu suka yawaita a Apapa da Ikeja, kusa da inda ake sauke injuna. A 1961 kasuwar hannun jari ta fara aiki, kuma shugabanta na farko ɗan ƙasa shi ne Sir Louis Ojukwu, wanda ya yi arziki da motocin sufuri. Dokar 1972 ta tilasta wa kamfanonin baƙi sayar wa 'yan ƙasa hannun jari. Da kuɗin mai suka shigo, sai aka yi odar siminti ba lissafi, a 1975 ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira. Wannan cunkoso ne ya sa aka gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977.

A 1991 gwamnatin tarayya ta koma Abuja. Wasu suka zaci Ikko za ta mutu, amma ina! Ofis ake ɗauka, ba a ɗaukar teku. Dubi Alhaji Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Ɗantata ta wajen uwa. Ya fara da saye da sayarwa a 1977, daga baya ya kafa matatar sukari a Apapa, a 2022 ya buɗe masana'antar takin zamani a Lekki, a 2023 kuma matatar mai. A wannan shekara ta 2023 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi a Lekki.

To malam, ka ga amsar tambayarka. Ikko ba ta noma, amma ita ce ƙofa, kuma mai riƙe da ƙofa ba ya rasa rabo. Ka lura kuma, waɗanda suka daɗe suna cin moriya su ne waɗanda suka tashi daga dillanci suka koma sarrafa kaya. Mu kuwa har yau ɗanyen tumatir da albasa muke lodawa, mota ta kwana biyu ko uku a hanya, wani ya ruɓe, wanda ya isa kuma a saye shi yadda aka ga dama, don an san ba za ka iya komawa da shi ba. Shawarata ga ƙungiyoyinku na manoma da 'yan kasuwa ita ce ku haɗa kuɗi ku samu rumbun ajiya mai kyau da injin busarwa ko na matsar mai a garuruwanku, ko da ƙarami ne. Wanda ke iya ajiye kayansa ba a yi masa tayin wulaƙanci.

Sai mun ji daga gare ku. Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.