Yadda gadon jariri ya dawo gefen na uwa

Idan kun taɓa haihuwa a Ingila, kun san ziyarar nan da ma'aikaciyar lafiya take kawowa gida bayan an yi suna. Ko zama ba ta gama yi ba za ta tambaya: a ina jaririn yake kwana? Mu kuwa tambayar baƙuwa ce a kunnenmu. A gida mai jego da ɗanta shimfiɗarsu ɗaya, cikin dare ta juya ta ba shi nono, kakarsa na kusa tana sauraron motsinsa. Shi ya sa da yawanmu muke zaton raba uwa da jariri da daddare al'adar Bature ce tun fil azal. Ba haka ba ne. Su ma ɗaruruwan shekaru suka yi suna kwana gado ɗaya da jariransu, kuma ɗan gadon nan da ake ɗaurawa a jikin na iyaye, wanda kuke gani a shaguna yanzu, sulhu ne aka yi bayan doguwar rigima.

Daga coci rigimar ta faro. Limaman Turai sun daɗe suna hana mata kwanciya da jarirai, domin ana yawan wayar gari da gawar yaro, uwa ta ce danne shi ta yi cikin barci, su kuma suna zargin wasu da gangan suke yi saboda talauci. A birnin Fulorans na Italiya sai aka ƙera wani abu mai suna arcuccio, katako ne mai lanƙwasa kamar rabin ganga da ake kifawa a kan jariri a cikin gado, an bar kafar da zai sha nono. Duk mai raino da ta ƙi amfani da shi, horonta kora daga coci. A 1732 aka buga bayaninsa a mujallar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan. Kun ga tun lokacin dabarar ita ce yaro ya zauna kusa da nono, amma a kare shi daga nauyin babba.

A 1892 wani likitan 'yan sanda a garin Dundee na Sikotland, Charles Templeman, ya bi diddigin jarirai 258 da aka ce an danne su. Kusan rabinsu daren Asabar suka mutu, wato ranar da ma'aikata ke karɓar albashi su wuce mashaya. Da majalisar Birtaniya ta yi dokar yara ta 1908, ba kwana da jariri ta haramta ba. Abin da ta mayar laifi shi ne babba ya kwanta a buge, yaron da bai kai shekara 3 ba ya shaƙe a gefensa.

Ƙwararrun Amurka ne suka kai abin maƙura. Likita Emmett Holt, a littafinsa na 1894, ya koyar da shayarwa bisa agogo da kwantar da jariri shi kaɗai. John Watson kuwa a 1928 cewa ya yi a daina rungumar yara, da safe a yi musabaha da su kawai. Allah mai iko! Gidaje suka ƙara girma, madarar gwangwani ta samu karɓuwa, jariri ya koma ɗakinsa.

To, sai ga shi jarirai suna mutuwa su kaɗai a gadajensu, babu wanda ya danne su. A wani taro a Seattle a 1969 aka raɗa wa abin suna, mutuwar fuju'a ta jarirai. Daga baya bincike, ciki har da na Peter Fleming a Bristol, ya gano cewa kwantar da yaro rub da ciki, wanda likitocin da kansu suka koyar, yana cikin manyan dalilai. Ingila ta fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991, Amurka ta bi sahu a 1994. Cikin 'yan shekaru mace-macen a Ingila suka ragu da fiye da rabi.

Daga nan aka shiga tambayar ko nisan da aka saka tsakanin uwa da ɗa shi ma yana da laifi. James McKenna a Amurka ya riƙa ɗaukar bidiyon iyaye mata da jariransu cikin dare, ya nuna yadda motsin ɗaya ke farkar da ɗaya. Helen Ball ta Jami'ar Durham ta gwada a ɗakin masu jego na asibiti, ta buga sakamakon a 2006: jariran da ke gadon uwa ko gadon da aka ɗaura a gefensa sun fi na keɓaɓɓen gado yawan shan nono. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta tsaya tun 2005 a kan ɗaki ɗaya amma shimfiɗa daban, daga baya ta ce aƙalla wata 6. Ingila ta fi sassauci, tana dai gargaɗi a kan sigari, giya, maganin da ke sa barci, bakwaini, da kuma yin barci da jariri a kujerar falo, wadda haɗarinta ya fi na gado ninkin ba ninki.

Wani zai ce ai mu ba ma shan giya. Gaskiya ne, amma shimfiɗar da kakanninmu suka yi jego a kai mai tauri ce, ba katifa mai lotsawa da tulin filo da bargo mai kauri ba. Kuma mai jegon can tana da masu karɓar mata yaro ta runtsa. Ta nan ita kaɗai ce, miji na aikin dare, gajiyarta kan sa ta barci kamar ta sha magani. Ga masu sigari da shisha a cikinmu, ba sai an faɗa ba. A ganina wannan ɗan gadon ya fi dacewa da halinmu fiye da duk shawarar da aka ba mu.

Sai dai shi ma ya ci rai kafin a gyara shi, wani lokaci saboda rata tsakanin katifu biyu ko gefen da aka sauke rabi. Amurka ta kafa masa ƙa'ida ta dole a 2014. A Ingila, waɗanda aka ƙera daga Nuwamban 2020 dole ne su bar shinge mai tsayin santimita 12 ko da an buɗe gefen. Saboda haka idan gwanjo za ku saya a Facebook, ko wata 'yar'uwa ta ba ku nata, ku duba shekarar ƙira, ku tabbata maɗauransa na nan, ku ja su har ya manne da gadonku, sannan ku zura hannu tsakanin katifun ku ji ko akwai inda kan jariri zai iya shiga.