Jabun Kuɗin Rumawa, Daga Teburin Ɗan Canji Zuwa Kasuwar Intanet

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin wata tsohuwar sana'a, watau ƙirar jabun kuɗin Daular Rum, domin a ga yadda ta sauya kama, da kuma abin da ya wajaba mai sayen irin waɗannan kuɗi ta intanet ya sani. Sana'ar ta kasu zamani biyu. A zamanin Rumawa su kansu, mai jabu a kan ƙarfe yake ha'inci. Daga ƙarni na 16 zuwa yau kuwa a kan shekaru yake yinsa, don kuwa mai saye ya daina neman azurfar, tsufanta yake biya.

Wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) Rumawa suka fara buga kuɗin azurfa da suke kira denariyus. Daga wannan suna ne Larabawa suka sami dinar, Hausa kuma ta ari dinari, ko da yake a hanya sunan ya tashi daga azurfa ya koma kan zinariya. Yadda ake yinsa shi ne jigon maganar duka. Ba zubi ake yi ba, bugu ake yi. Gwani zai sassaƙa hatimi biyu na ƙarfe da hannu, a kafa ɗaya a kan maƙera, a ɗora ƙwayar azurfa, a kifa ɗaya hatimin a kanta, sa'an nan a doka da guduma. Saboda haka kowane kuɗi yakan fito da tasa kama: wani hoton ya karkace, wani bakin ya tsage, fuskar kuma tana ɗauke da siraran layuka inda ƙarfen ya gudu daga tsakiya zuwa gefe.

Masu jabu na farko sukan sami ƙwayar jan ƙarfe su naɗe ta da fallen azurfa, su gasa, su buga. Abin ya yi ƙamari har a shekara ta 85 kafin haihuwar Annabi Isa wani alƙali mai suna Mariyus Giratidiyanus ya fito da tsarin gwada kuɗi, mutanen birnin Rum suka yi murna har suka kakkafa gumakansa a unguwanni. Bayan shekara 4 Sulla ya kafa dokar da ta yanke wa mai jabu hukuncin kora daga ƙasa idan ɗa ne, kisa idan bawa ne. A kasuwa kuma akwai 'yan canji masu gwaji. Masanin falsafa Efiktetus ya bayyana cewa ɗan canji yakan gwada kuɗi da ido, da hannu, da hanci, da kunne, ya jefa shi a teburi ya saurari ƙararsa. Wasu sukan huda shi da ɗan ƙaramin hatimi su ga cikinsa, shi ya sa har yanzu ake samun denariyus masu tabon gwaji. Marubuci Filini Babba ya ambaci wani abin mamaki, cewa a zamaninsa akan ba da denariyus masu kyau da yawa a sayi na jabu guda ɗaya, don a yi nazarinsa.

Ita ma hukuma ba ta tsira daga zargi ba. A zamanin Agustus nauyin denariyus kimanin giram 3.9 ne, kusan zallar azurfa. A shekara ta 64 Miladiyya Nero ya rage shi zuwa kimanin giram 3.4, ya gauraya masa jan ƙarfe. Kafin ƙarshen mulkin Galiyenus a shekara ta 268, azurfar da ke cikin kuɗin daular ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Waɗannan alƙaluma suna da amfani ga mai saye na yau, domin kowane zamani da ma'auninsa, kuma kuɗin da nauyinsa ya yi nisa da na zamaninsa ya cancanci tuhuma. Wajibi ne kuma a lura cewa jabun da Barume ya ƙera a wancan lokaci yanzu shi kansa kayan tarihi ne na gaske, ana ajiye shi a gidajen tarihi.

Zamani na biyu ya soma ne a Italiya, sa'ad da sarakuna da malamai suka shiga sha'awar tara kayan mutanen dā. A birnin Faduwa, Jiyobanni da Kabino, wanda ya rayu daga 1500 zuwa 1570, ya sassaƙa hatimai yana buga manyan kuɗin tagulla masu hotunan sarakunan Rum. Har yanzu masana suna gardama ko yaudara ya nufa ko kwaikwayo don ado. Ko ma wanne ne, waɗanda suka zo bayansa sun yi ta zuba kwafin aikinsa suna sayarwa a matsayin na Rumawa. Hatimansa fiye da 100 suna ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Faris.

Wanda ya fi shi shahara shi ne Bajamushe Karl Wilhelm Becker, wanda aka haifa a 1772 ya mutu a 1830. Ya sassaƙa hatiman kuɗi iri fiye da 300, na Girkawa da Rumawa da wasunsu, kuma da guduma yake bugu kamar yadda mutanen dā suka yi. Wani lokaci ma sai ya sami tsohon kuɗi na gaske marar daraja ya buga sabon hoto a kansa, ta yadda ƙarfen da nauyin duk za su gaskata shi. Don ya tsufar da su, yakan zuba su cikin akwati tare da garin baƙin ƙarfe, ya ɗaure a ƙarƙashin keken doki, a yi ta tafiya har su goge. Domeniko Sestini ya fallasa shi a 1826, daga baya kuma George Hill na gidan tarihin Birtaniya ya buga hotunan aikinsa a 1924 da 1925. Abin da ya kama Becker shi ne hannunsa. Ya fi Rumawa tsabtar aiki, kuma da zarar an san hatimansa, duk kuɗin da ya fito daga cikinsu ya tonu.

Wannan hanya ta kwatanta hatimi ita ce har yau babban makamin masana. A 1975 ƙungiyar dillalan tsofaffin kuɗi ta duniya ta kafa ofishi na musamman don tattara bayanan jabu. Sai dai zuwan intanet ya sauya ciniki. Daga cikin gabobi huɗu da ɗan canjin Rum yake aiki da su, ido kaɗai ya rage wa mai saye, shi ma hoto yake kallo, hoton da mai sayarwa ya zaɓa.

Duk da haka hoto yana faɗin abubuwa da dama. Mafi yawan jabun da ke yawo na zubi ne, domin ya fi arha. Na zubi rubutunsa yakan yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa, fuskarsa da ƙananan ramuka ko ƙuraje na kumfar iska, a bakinsa kuma akan ga layin da ɓangarorin mazubi biyu suka haɗu, ko sawun zarto inda aka goge layin. Don haka mai sayarwar da ya ƙi nuna hoton baki, ko ya ƙi faɗin nauyi da faɗi, ya riga ya ba da amsa. Hujja mafi ƙarfi ita ce tagwaye. Kuɗi biyu na gaske suna iya fitowa daga hatimi ɗaya, amma ba za su zo da karkacewa ɗaya, da tsaga ɗaya, da gogewa ɗaya ba. In an ga haka, to ko dai duka biyun jabu ne, ko ɗaya uwar ɗaya ce. Akwai kuma ha'incin da ya fi wannan wuyar ganewa, inda ake ɗaukar kuɗin tagulla na gaske da ya goge a sake sassaƙa gashi da haruffa, a shafe da koren launi mai kama da tsatsar ƙarni da yawa. A kudu maso gabashin Turai, musamman Bulgariya, an sami maƙeran da suka koma bugu da hatimi daga ƙarshen ƙarni na 20, kuma aikinsu ba ya nuna ko ɗaya daga alamun zubi. Irin wannan sai wanda ya san salon kowace maƙerar Rum.

Ko ɗakin gwaji ba kullum yake raba gardama ba. A 1713 aka ce an tono wasu kuɗin zinariya a Tiransilbaniya masu sunan wani sarki Sifonsiyan, wanda babu littafin tarihin da ya ambace shi. An daɗe ana ɗaukarsu jabu. A 2022 wasu masu bincike suka duba wanda ke gidan tarihin Jami'ar Gilasgo da madubin ƙara girma, suka ce gogewarsa da ƙasar da ta manne masa sun nuna ya yi yawo a hannun mutane kuma ya daɗe a binne. Masanan kuɗi da yawa suka ƙi yarda, suna cewa zubi ne, kuma hoton bayansa an kwaikwayo shi daga denariyus na wajen shekara ta 135 kafin haihuwar Annabi Isa.

Da wannan ne manyan masu saye suka koma dogara da asali, watau takardun da ke nuna hannayen da kuɗi ya bi. Nan ma jabu ya biyo su. A 42 kafin haihuwar Annabi Isa, Burutus ya buga kuɗi mai hoton wuƙaƙe biyu don tunawa da kisan Yuliyus Ƙaisar. A watan Oktoba na 2020 aka yi gwanjon na zinariya guda ɗaya a Landan a kan fam miliyan 3.24. Kuɗin na gaske ne, takardun asalinsa ne na ƙarya. Hukumomin Amurka suka ƙwace shi, suka mayar wa ƙasar Girka a watan Maris na 2023.